Hoton da Auta Ta Ɗauka

A gida Auta ce, a makaranta kuwa Sakatariya, kuma in ka ga yadda take taku da fayil a hammata sai ka rantse ba mutum ɗaya ba ce. Kwamitinsu ɗan ƙarami ne, reshe ne na ƙungiyar ɗalibai, aikinsa sa ido a kan abin da ɗalibai ke kai wa bakinsu. Zango guda suka shafe suna bin ɗakunan kwana suna tambayar mutane ko suna duba koren tambarin halal kafin su buɗe ledar abinci. Amsoshin ba su yi wa kwamiti daɗi ba. Wasu suka ce suna dubawa in sun tuna, wasu suka ce yunwa ba ta iya karatu ba, wata 'yar ɗakinsu Auta ma buɗar bakinta sai cewa ta yi ita bismillarta ce tambarinta. Auta ta tsare ta da wa'azi har shayin baiwar Allah ya huce a kofi.

Akwai dai abu ɗaya da Sakatariya ba ta taɓa kawowa gaban kwamiti ba, shi ne yayanta ɗan kai saƙo ne. Yana da babur, da akwati a bayansa, da waya maƙale a kan sitiyari, manhaja ta ce masa je ka can ya je, ta ce dawo nan ya dawo. Tun rasuwar mahaifinsu asusun nan nasa na manhaja shi ne tukunyar gidan, shi ne maganin Umma, shi ne karatun Auta. Ita dai ta ce ba kunya take ji ba, maganar ce ba ta taɓa tasowa ba. Amma in ta taso ɗin, sai ka ji ta ce yayanta yana harkar sufuri, ta yi maza ta sako wani zancen.

Kuma ta san dokar aikin kamar yunwar cikinta, don Yaya ya sha faɗa suna cin abinci. Mai saye shi ne sarki. In ya yi ƙorafi an rage maka taurari, in kuwa ya haɗa da hoto to sai abin da Allah ya yi, rana ɗaya za ka tashi ka ga an rufe ka, ba wanda zai kira ka ya ji ta bakinka. A 'yan kwanakin nan ma Yaya yana gida a kwance, mota ta buge shi a shataletale an sa masa siminti a ƙafa. Auta ta je sau ɗaya ta dubo shi, sauran duk a waya ne. Kullum cewa yake komai lafiya lau, ta mai da hankali kan karatu, ita kuwa ba ta taɓa tambayar to da me ake cefane ba.

Ranar da abin ya faru suna taro ne da tsakar rana a wani aji da ba kowa. Ciyaman, wani dogon saurayi mai son a ce ya iya tsara magana, ya yi ta ƙorafin cewa rahotonsu ba shi da gishiri. Surutun ɗalibai kawai suka tara, in ji shi, babu hujja ko ɗaya da za a nuna wa mutane su girgiza. Da yunwa ta fara taɓa su sai ya yi musu odar shinkafa da kaza ta wayarsa, daga shagon da kowa ya san yana da tambari. Da aka ce mai kawowa ya iso bakin ƙofar makaranta, Auta aka tura, don ita ce gwanar duba leda.

Ta same shi a gindin katanga, a kan babur, fuska rufe da hular kwano da takunkumi, ido kawai ake gani. Ya yi sallama ya juya ya buɗe akwatin. Ledarsu tana nan lafiya ƙalau, koren tambarin manne a bakinta ko ɗagowa bai yi ba. Sai dai a gefenta akwai wata jakar takarda mai ruwan ƙasa, wuyan kwalabe biyu sun leƙo, ga sunan shagon a jiki, shagon da ba sai an gaya maka abin da yake sayarwa ba. An tsaga wani kwali an raba tsakanin jakar da ledar.

Ran Auta ya ɓaci, ɓacin gaske, wannan kam ba za a ƙwace mata shi ba. Ta tambaye shi ko ya san abin da ya ɗauko, ko bai ji tsoron Allah ba. Mutumin ya yi ƙoƙarin magana, takunkumin ya cinye rabin muryarsa. Sai ya sa hannu ya cire hular gaba ɗaya ya ja takunkumin ƙasa. Ashe dattijo ne, furfura ta cinye masa gemu, hular ta bar masa shaida a goshi.

"'Yata, ba ni ke zaɓa ba," ya ce. "Na'ura ce ke haɗa su. In na ƙi ɗauka sai ta daina ba ni aiki. Kin ga na sa kwali."

Ita kuwa wayar tana hannunta tun kafin ya rufe baki. Ta ɗaga ta ɗauka, akwatin a buɗe, kwalaben, koren tambarin, da fuskarsa tar a cikin rana. Ya kai hannu zai kare fuskar amma aikin gama ya riga ya gama. Ya roƙe ta don girman Allah ta goge, ya ce akwai abin da ba ta sani ba. Ta ɗauki ledarta ta ce abin da ta sani ya ishe ta, ta juya ta bar shi riƙe da hula.

A matakalar bene ta ɗan tsaya. Gaskiya dai ta tsaya, har ta buɗe hoton ta kai yatsa kusa da wurin gogewa, don maganar Yaya ta faɗo mata, ƙorafi da hoto. Amma ta tuna fuskar Ciyaman yana cewa ba su da hujja, ta hango yadda za a kalle ta in ta shiga da wannan. Ta gaya wa kanta ai don addini ne, kuma ai gargaɗi kawai za a yi masa. Ta san ƙarya ne tun tana faɗa.

Aji ya kaure da kabbara da tafi. Ciyaman ya ce yau Sakatariya ta fitar da su kunya, ya karɓi hoton ya tura wa kamfanin ta manhajarsa da dogon bayani, ya kuma watsa shi a zauren ɗalibai na waya. Sannan aka zo kan abincin. Aka ɗan yi muhawara, wani ya kawo ƙa'ida wani ya kawo wata, daga ƙarshe Ciyaman ya yanke cewa tunda tambarin bai ɓalle ba, kuma ba abin da ya zuba, to ba laifi a ci. Suka ci kuwa, har ƙashi aka tauna. Auta ma ta ci, cinya ce ta faɗo mata.

Ba a yi kwana uku ba Umma ta kira ta ce ta zo gida, ba ta faɗi dalili ba. Auta ta tarar da ɗakin yadda ta san shi, labule a ɗage, fanka tana juyi tana ƙara, sai dai shirun ya yi yawa. Yaya yana kan doguwar kujera, ƙafar simintin miƙe a kan ƙaramin tebur, waya a hannunsa yana ta kallonta kamar zai ga wani abu ya sake. Umma tana zaune a ƙasa tana tsince shinkafar da ba ta buƙatar tsinta.

An rufe asusun. Yaya ya yi mata bayani a hankali, yana ɗan kauce wa idonta kamar shi ne ƙaramin. In asusu ya daɗe ba a aiki da shi mutuwa yake yi, in ka dawo sai ka tarar kai ne na ƙarshe a layi, ko ma ka tarar ba ka nan. Don haka da ya kwanta sai ya ba wani mutum aron asusun da babur ɗin, suna raba abin da aka samu. Tela suke ce masa, don sana'arsa ke nan kafin shagonsa ya mutu. A inuwar da 'yan kai saƙo ke zaman jiran oda suka saba, nasa asusun an daɗe da rufe shi saboda wani ya ci abinci ya ce ba a kawo masa ba. Kowa yana yin wannan aron, in ji Yaya, sharaɗin ɗaya ne tak, kada ka cire hula a gaban mai saye.

"Ban gaya miki ba don na san halinki," ya ce yana murmushin yaƙe. "Da kin cika mu da wa'azi."

Wata yarinya ce a makarantarku, ya ci gaba, ta ga kwalba a akwati ta ɗauki hoto. Shi kuma Tela, mutumin zamanin da ne, ba ya iya yi wa mutum magana fuska a rufe, ya ce rashin ladabi ne. Kamfani ya duba hoton ya ga ba fuskar mai asusu ba ce, shi ke nan.

Auta ta nemi bakin gado ta zauna. Ta tambaya wace rana ce, ba don ba ta sani ba, sai don ko Allah zai sa a ce wata ranar. Aka faɗa mata ranar. Umma ta ɗauka tausayi ne ya sa ta yin tsuru-tsuru, har ta ce mata kada ta sa abin a rai ga jarrabawa tana zuwa.

"Auta, ke kika san makarantar nan," Yaya ya ce. "Ki nemo min yarinyar. Kada ki yi mata faɗa, ki roƙe ta. Ki ce mata akwai gida biyu a bayan akwatin nan. In ta janye, wataƙila su buɗe."

Ta ce to. Me za ta ce? Ta so ta faɗi gaskiya, ta dubi ƙafarsa, ta dubi Umma, ta fasa.

Washegari da safe ta tare Ciyaman a bakin ɗakin karatu. Da farko ta yi ta kewaye-kewaye, wai ta yi tunani, wai mutumin dattijo ne, wai addini ma ya ce a rufa asiri. Ciyaman ya dube ta da mamaki ya ce hoton ya zaga ko'ina, har ɗaliban da ba su taɓa kula tambari ba yanzu sun fara tambaya, yanzu ne za ta ce a ja da baya? Da ta ga ba sarki sai Allah, ta faɗa masa a tsaye, idonta a ƙasa, cewa asusun na yayanta ne, yayan nan mai harkar sufuri.

Ciyaman ba mugu ba ne, surutu ne kawai ya yi masa yawa. Ya ciro wayar nan take suka duƙufa a kanta. Suka bi manhajar lungu-lungu, akwai wurin yin ƙorafi kala-kala, na sanyin abinci, na jinkiri, na rashin fara'a, amma ba wurin janyewa ko ɗaya. Ya rubuta musu saƙo ya ce kuskure ne, abincin lafiya ya iso, sun ma ci. Kafin ya sauke hannu amsa ta dawo, ana gode masa da ya taimaka wajen tsare lafiyar masu saye. Ya goge hoton daga zauren ɗalibai, wanda ihu ne bayan hari, don kowa ya riga ya adana nasa.

Ta nemi ofishin kamfanin da kanta. Wani ɗaki ne a bayan wani dogon gini, kujerun roba a jere, maza cike da shi kowa da hularsa a cinya, ana warin gumi da man inji. Ita kaɗai ce mace, ita kaɗai ce mai fayil, sai ta tura shi cikin jaka. Da layi ya zo kanta ta sami wata mata a bayan gilashi, mai gajiyayyen ido, da robar abincinta a gefe ba ta samu ta buɗe ba. Auta ta zayyana mata komai, har da abin da ba a tambaye ta ba, ta ce ita ce ta ɗauki hoton kuma ta janye, a rubuta ta janye.

Matar ta danna ta duba, ta ce maganar abinci ai tuni aka watsar da ita, haɗa oda biyu a akwati ɗaya ba laifi ba ne a wurinsu, su ne ma ke haɗawa. Abin da ya rufe asusun fuska ce, kuma wanda aka rufe saboda fuska ba a buɗe shi, ko ita ba ta da maɓallin. Auta ta roƙa, ta ce mai asusun yana kwance da karaya a kan aikinsu ya samu. Matar ta ce ta yarda, wallahi ta yarda, kullum irin abin da take ji ke nan. Sannan ta sake duban allon ta ce, ba da mugunta ba, da a ce hoton ya ɗan yi dishi-dishi da na'urar ta wuce shi, yawanci haka ake tsira. Amma wannan an ɗauke shi da kyau.

A hanyar gida ta shirya maganar a ranta. Za ta shiga, ta durƙusa gaban Yaya, ta ce ni ce. In ya zage ta ta ji daɗi, in Umma ta mare ta ma ta gode. Ta maimaita har ta haddace, ta shiga da sallama da ƙarfinta.

Sai ta ga akwatin a tsakar ɗaki, an wanke shi fes, makullin babur a kansa. A kan tabarma kusa da ƙofa ga dattijon nan zaune, ya naɗe ƙafafu, ba hula ba takunkumi. Ya ɗago ya amsa sallamar, idonsu ya haɗu. Ya gane ta, ba ko shakka, ta ga lokacin da ya gane ta. Ya dubi Yaya, ya dubi Umma, ya sake dubanta, sannan ya mai da idonsa kan tabarma.

Umma ta gabatar da ita da alfahari, wannan ce Autarmu mai karatun, ita muka sa ta nemo mana yarinyar. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa ya tambaye ta karatu kamar yau ya fara ganinta. Yaya ya gyara zama da ƙyar ya tambaye ta yaya aka yi. Duk abin da ta haddace ya gudu. Ta ce ta je har ofishin, an ce ba za a buɗe ba, ko an janye ko ba a janye ba.

Yaya ya kifa wayar a kan cinyarsa, ya daɗe yana kallon silin. Ba ta taɓa ganin ya yi kuka ba, yau ma bai yi ba. Can ya ce shi dai yana so ya san ko wace ce, ba don komai ba, don ya sani kawai. Ya juya ya ce Baba Tela ya kwatanta wa Auta ita, doguwa ce ko gajera, wane irin mayafi ta sa.

"Ban riƙe fuskarta ba," in ji Tela. "Yara ne, duk kamarsu ɗaya a idona."

A nan Umma ta fashe. Matar da ko kaza ba ta iya yi wa tsawa, ta ture faranti ta ɗaga hannu sama. Ta ce ita ba ta san boko ba amma ta san wanda ya taɓa abincin marayu. Ta ce yarinyar nan, ko 'yar wace ce, yadda ta hana su barci Allah ya hana ta kwanciyar rai, yadda ta tozarta dattijo a rana Allah ya nuna mata a kanta, ba ta yafe ba duniya da lahira, Allah ya isa. Yaya ya ce amin a hankali. Tela ya yi gyaran murya ya ce Hajiya a dai yi mata addu'ar shiriya, ƙuruciya ce, wataƙila tana can tana nadama. Umma ta ce shi ya yafe in yana so, ita kam ba ta kai nan ba. Sai ta juyo kan 'yarta, ido jawur.

"Ke kuma bakinki ciwo yake yi?"

Auta ta dubi Tela. Bai ɗago ba, yana ta murza bakin tabarma da yatsa.

"Amin," ta ce.

Umma ta share fuska da gefen zane ta ce ta tashi ta kawo wa baƙo ruwa, tun ɗazu yake zaune ba a ba shi komai ba. Auta ta je ta ɗebo a kofi. Ta durƙusa ta miƙa masa. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce Allah ya yi miki albarka 'yata, ya shanye duka.